Shanshera a Ɗakin Injina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, Baba Alhaji Ɗanbaba; ranka ya daɗe, mai girma Dagaci; Allah gafarta Malam, limaminmu na Juma'a; shugaban makaranta, Malam Isiyaku, da sauran malamaina, waɗanda yau muke ofis ɗaya amma har yanzu ba na iya zama in suna tsaye; shugabannin manoman rani; iyayenmu mata masu turara shinkafa, da shugabarsu, Gwaggona Saude; ɗalibai maza da mata; jama'a masu daraja, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma gode muku da kuka baro gona da injin casa da tukunya kuka zo.

Ga wanda bai gane ni ba a cikin wannan riga, ni ne Safwan, ɗan Malam Maharazu na bakin kanal. Bara na gama jami'a, inda na karanta aikin ƙere-ƙere, bana kuma aka turo ni makarantar da ta yaye ni in koyar da shi. Ina godiya ga Malam Isiyaku da ya ba ni wannan dama. Abin da ya ce in yi magana a kai shi ne amfanin koyar da ƙere-ƙeren zamani a makarantun gwamnati. Na rubuta wannan jawabi, ga shi a aljihuna, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa. Amma da safen nan na nemi izininsa in ajiye shi, domin ba zan iya tsayawa a gabanku in yabi injin da yake mutuwa a can ɗakin injina ba. Ku yi mini uzuri, ban taɓa magana a gaban iyayena haka ba.

Magana ta farko ita ce abin da muke da shi.

A ɗakin injina akwai injin sassaƙar ƙarfe mai aiki da kwamfuta, wanda hukumar da ke kula da koyar da sana'a ta ba mu. Ɗalibi zai zana abin da yake so a kwamfuta, ya rubuta wa injin umarni, ya ɗaura guntun ƙarfe, ya rufe ƙofar gilashi, injin ya sassaƙa masa shi daidai da zanen. In na ce daidai, ga abin da nake nufi: kuskuren da aka yarda masa bai kai kaurin gashin kai ba. Kan injin yana tafiya a bisa wasu layukan ƙarfe biyu masu santsi kamar madubi, kuma duk gaskiyar injin tana kan santsin nan. In santsin ya tafi, injin zai ci gaba da ƙara, zai ci gaba da juyawa, amma abin da zai fitar ba abin da aka zana ba ne.

Me ya haɗa mu da shi, mu mutanen shinkafa da tumatir da albasa? Duk wanda injin ban ruwansa ya taɓa tsayawa a tsakiyar rani ya san amsa. Ka kai wa makaniki a Kura, ya kwance, ya ce bushin ne ya cinye, wato ɗan zoben da sandar injin take juyawa a cikinsa, kuma babu irinsa sai Kano. Ka shiga mota, ka zaga kasuwa, a ba ka wanda ya yi kama da shi, ka dawo ya ƙi zama, tumatir kuwa yana can ya sunkuyar da kai. A zangon farko na bana, 'yan ajin ƙarshe sun auna wanda ya lalace a injin Baba Alhaji Ɗanbaba, suka zana, suka sassaƙa sabo. Wadda ta rubuta umarnin ita ce Fa'iza, 'yar Gwaggo Saude. Baba yana nan zaune, a tambaye shi. Da injin ban ruwan nan ya ƙarasa ranin, kuma har yau ban ji ya ce ya tsaya ba. Ran da aka kai masa, ya jujjuya zoben a tafin hannunsa ya ce, "Yanzu wannan 'yar Saude ce ta yi, wadda take tsoron kazar gidana?" Ita ce, Baba.

Wannan shi ne abin da muke da shi. Ba na Kano ba ne, ba na Abuja ba ne, namu ne, kuma 'ya'yanmu ne suke sarrafa shi.

Magana ta biyu ita ce abin da muke yi masa. A nan ina roƙon iyayena mata su saurare ni har ƙarshe kafin su yi fushi.

Gaban ɗakin injina akwai fili mai siminti. Tun kafin a haife ni ake shanya shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a kansa bayan an turara ta, kuma babu wanda ya ce a daina, ni ma ban ce ba. Matsalar tana farawa ne in hadari ya taso. Ƙofar da ta fi kusa, ta fi faɗi, ita ce ta ɗakin injina. Sai a kira Baba Jaji maigadi ya buɗe, a kwashe shansherar da ɗanyenta, wani lokaci da sauran ɗuminta na tukunya, a baza ta a ƙasa kewaye da injin, a ja ƙofa, a rufe tagogi kada feshi ya shiga. Haka za ta kwana tana fitar da gumi. Tunda damina ta faɗi, duk safiyar da na buɗe ɗakin bayan an yi ruwa, sai in tarar da raɓa tana gangarowa a gilashin injin kamar murfin tukunyar tuwo.

Abin da na gani da idona zan faɗa, ba zan ƙara ba. Na ga tsatsa ta fara ja a kan layukan nan biyu. Na ga ƙurar buntu ta shiga duk inda maiko yake. Na buɗe akwatin wutar injin na tarar an gwigwiyi waya ɗaya har jan ƙarfenta ya fito. Ban ga ɓeran ba, don haka ba zan rantse ba. Amma na ga kashinsa, na ga tabon haƙori, na ga ƙwayoyin shanshera a cikin akwatin da yake kusa da ƙirjina a tsayi, kuma iya sanina shanshera ba ta hawa bango.

Na fara zuwa wurin Baba Jaji. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, don Allah a daina buɗe ɗakin nan." Ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, matar da ta yanke wa 'ya'yana cibiya ta tsaya a gabana, hadari a kanta, tana kiran sunana, in ce mata makulli ba ya hannuna? Ga shi kuwa yana ƙara a aljihuna? Kai da ka je jami'a, je ka gwada in gani." Ban ga laifinsa ba.

Sai na je na gwada. Na sami Gwaggo a bakin murhu, na zauna, na yi mata bayanin danshi da tsatsa, har zane na yi mata a ƙasa da tsinke. Ta bari na gama, ta ce, "Safwanu, ƙarfe ne fa. Ƙarfe! Wannan gangar turara shinkafa da ka gani, tun kana rarrafe take shan ruwa da wuta, ka taɓa jin ta kai ƙara? Injin da kuka ce ya fi mutum wayo, shi ne ɗan gumin shinkafa zai kwantar? To ku saya masa rigar sanyi." Matan da ke wurin suka yi ta dariya, ni ma na yi, don ban san abin da zan yi ba.

Amma ba ta manta da maganar ba, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Bayan ruwa na gaba na shiga ɗakin, na tarar an lulluɓe injin da zannuwan gado masu kyau, irin waɗanda ake shimfiɗa wa baƙo, sun tsotse danshin ɗakin duka sun manne a jikinsa. Da na yaye, sai na ji ƙanshin ƙuli-ƙuli. An bi layukan nan biyu an shafe su da man gyaɗa, saboda an ji na ce suna tsatsa. Jama'a, man gyaɗa a kan wannan ƙarfe daskarewa yake yi ya zama danƙo, ya kama ƙura, ya zama kamar an shafa yashi. Na san hannun da ya shafa, na san kuma da kyakkyawar zuciya aka shafa, na san man ba na banza ba ne a gidan da aka ɗebo shi. Da mugunta ce, da na san inda zan kai ƙara. To ina ake kai ƙarar alheri?

Kada wani ya ɗauka ban san darajar abin da ake gudu da shi ba. Na sani. Na san warin shansherar da ruwa ya daka bayan an turara. Na san yadda take yin baƙi, yadda take kakkaryewa a injin casa, yadda ɗan kasuwa zai damƙa ya sansana ya juya baya. Na san cewa bayan rasuwar mijin Gwaggo, gangar nan ce ta riƙe gidanta, ita ce ta ɗinka wa Fa'iza kayan makaranta, kuma ni kaina na tafi jami'a da ƙullin shinkafar wannan ganga ba sau ɗaya ba. Wadda ta ga hadari ta ruga da shansherarta ba ta yi laifi ba. Ɗakin da take rugawa ne ba nata ba, kuma mu maza da muke riƙe da makullai ba mu taɓa nuna mata wani ba.

Magana ta uku ita ce abin da za mu rasa.

Makon jiya Fa'iza ta sake gwada zoben nan na Baba. Zane ɗaya, umarni ɗaya, irin ƙarfe ɗaya. Sau biyar ta sassaƙa, sau biyar muka auna, babu biyun da suka zo daidai da juna, kuma babu ɗaya da ya zo daidai da zanen. Ga su nan a hannuna, duk mai so ya zo ya gani, ko da yake ido ba zai nuna masa bambancin ba, sai ma'auni. Ta ajiye na biyar ɗin, ta ce, "Malam, ko dai injin ne ya fara ƙarya, ko kai ne ka koya mini ƙarya." A aji ke nan. Da muka fito, tunda taubashiyata ce, sai ta ce, "Sannu Yaya Safwan, injiniyan da ɓera ya kora daga aiki." Ta yi dariya, amma na ga idonta, ba na dariya ba ne.

Ga dalili. Hukumar da ta ba mu injin nan ba kyauta ta ba mu mu yi yadda muka ga dama ba. Kafin a rufe wannan zango za ta turo masu jarrabawa. Kowane ɗan ajin ƙarshe zai sassaƙa abu a gabansu, su auna. Wanda nasa ya zo daidai zai sami shaidar ƙwarewa, wadda masana'antu suke karɓa. In kuwa suka tarar injin ba ya fitar da daidai saboda rashin kula, babu ɗalibin da zai sami shaida, kuma za su ɗauke injin su kai makarantar da za ta riƙe shi. Ba ni na ƙirƙiri wannan ba, a gaban Malam Isiyaku aka faɗa, an kuma gaya mana akwai wata makaranta a wajen Dawakin Kudu da ta riga ta nema. Ba na jin haushinsu. In da ni ne su, da na nema.

Na kira wani ƙwararre daga Kano ya duba. Ya ce tsatsar har yanzu a sama take, za a iya goge ta, a wanke danƙon, a canja wayar, a sake daidaita injin, a yi jarrabawa lafiya. Amma in ta ci ta yi rami, sai dai a canja layukan gaba ɗaya, kuma wannan ba aikin da za a yi mana ba ne. Na tambaye shi kwanan shanshera nawa ya rage kafin a kai can. Bai ce ɗaya ba, bai ce goma ba. Cewa ya yi bai sani ba, kuma ba ya ba ni shawarar in gwada don in sani.

Kada a ce yaro ya tsallake manya ya kawo magana bainar jama'a. Na je wurin Malam Isiyaku, ya ce magana ce ta gari, in ga shugaban iyaye. Na je wurin Baba Alhaji, ya ba ni fura, ya ce magana ce ta ƙasa, in ga Dagaci. Na je na faɗi a gaban Dagaci, ranka ya daɗe, ka ce magana ce ta mata, kuma shugabarsu ƙanwar ubana ce, in je mu daidaita a cikin gida. Na koma wurin Gwaggo, ta ce, "Ni ba ni da matsala da injinka. Je ka gaya wa ruwan sama ya dinga jira shansherata ta bushe." Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya sa mini albarka, kowa ya tura ni gaba, tsatsa kuwa ba ta je gaishe da kowa ba, aikinta kawai take yi. Wallahi na gaji da zagaye. Na gaji da jin cewa Allah zai kawo mafita, alhali mafitar muna zaune a cikinta.

I, a cikinta muke zaune. Ku dubi wannan ɗakin taro. Na auna shi, na auna ɗakin injina: wannan ya ninka wancan faɗin ƙasa har da ɗori. Simintinsa lafiya lau, rufinsa ba ya yoyo, tagoginsa suna kallon juna, iska tana ratsawa, abin da shanshera take so ke nan. Babu injin a cikinsa, babu waya, babu abin da ɓera zai ci sai kujerun roba. Sau uku ake buɗe shi a shekara: ranar taron iyaye, ranar ba da kyaututtuka, da lokacin babbar jarrabawa. Ya fi ɗakin injina nisa daga filin shanya, na yarda, amma ba nisan da zai sa ruwa ya riga mutum ba in an tashi da wuri. Na tambaya me ya sa ba a taɓa zuba shanshera a nan ba. Aka dube ni kamar na yi saɓo, aka ce, "Haba Malam, ɗakin manyan baƙi?" Wato mun kare kujerun roba daga shinkafa, mun miƙa mata injin da babu irinsa daga nan har Bunkure, iya abin da na bincika. Kujerar roba ba ta tsatsa, jama'a. Babban baƙo in ya zo ya ji ƙanshin shinkafa a ɗakin taronmu, ya san garin da ya zo.

Saboda haka roƙona ga wannan taro ba shi da yawa. A ba Gwaggo Saude makullin wannan ɗaki, a hannunta, ba a hannun Baba Jaji ba, don a sauke masa nauyin da ba nasa ba. Duk ranar da hadari ya taso, nan za a kawo. Ranar taro ko jarrabawa, a share. Ɗalibaina kuma sun yi alkawari, in injin ya warke, aikinsu na farko shi ne sassaƙa sandunan ƙafafun kura biyu ta turawa, don iyayenmu su daina dakon buhu a ka tsakanin fili da nan.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya hana ni cin abinci tun safe. Da izinin Malam Isiyaku na canja kwaɗon ɗakin injina yau. Makullin Baba Jaji ba ya buɗe shi yanzu. Sabon yana aljihuna, tare da jawabin da ban karanta ba.

Na kuma san abin da kuke kallo ta tagar gabas, don ni ma tun ɗazu shi nake kallo. Gari ya haɗe, iska ta juya, kuma filin can cike yake da shanshera tun hantsi. Gwaggo, na ga kin miƙe kin ɗaure gyale a ƙugu. Ke kika goya ni ranar da mahaifiyata take kwance, ban taɓa ce miki a'a ba, ban kuma san yadda ake yi ba. Amma yau ba zan buɗe ba. In kin yi fushi da ni, zan zo gida in durƙusa har ki huce. In na buɗe, Fa'iza ce za ta tsaya a gaban masu jarrabawa da zoben da ba daidai ba, kuma wannan babu durƙuson da zai gyara shi.

Baba Alhaji, ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam, shansherar iyayenmu tana waje, ruwa yana tafe, ɗaki ɗaya ne ya rage, kuma ku ne a zaune a cikinsa. 'Yan ajin ƙarshe suna bakin ƙofa da buhuna da tsintsiya, kalma ɗaya suke jira daga shugaban taro. Ban isa in ce manya su tashi ba. Roƙo nake yi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana abin da muka shuka da abin da muka shanya. Allah Ya raya mana 'ya'yanmu, Ya sa abin da hannunsu ya koya ya amfane su, ya amfani garin nan. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, Ya huci zuciyar wadda na ɓata wa. Allah Ya ƙara wa shugabanninmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Alhamdu lillahi, Baba Alhaji ya ɗaga kujerarsa da kansa. Baba Jaji, miƙa wa Gwaggo makullin wannan ɗakin taro. Fa'iza, ku buɗe ƙofofin nan duka biyun, ku fara da kwashe shansherar bakin kwata, ita ruwa zai fara tararwa.

Na gode.